Wanda Ya Ɗauke Sandar Hanya

Ranar da sandar hanya ta ɓata a tasharmu, jirgin ƙarfe goma sha ɗaya ya shigo da tarago huɗu cike da mutane, ya tsaya, bai kuma tashi ba.

Wanda bai san aikin dogo ba sai ya ce don sanda ɗaya za a tsai da jirgi? To, saurara. Tasharmu ita ce ta bakwai cikin goma. Daga babban gari zuwa nan layi biyu ne, mai zuwa da mai komawa. Daga nan zuwa tasha uku na ƙarshe, wato ta bayan gada, da ta mahaƙar dutse, da ta bakin tafki, layi ɗaya ne tal. Don kada jirgi biyu su yi karo, aka ƙera sanda guda ta tagulla, tsawonta kamu ɗaya. Direban da ba ya riƙe da ita ba ya shiga wannan layi, ko da uwarsa ce ke naƙuda a can ƙarshe. Tana kwana a akwatin ƙarfe a ofishin Shugaban Tasha, da kwaɗo, makulli biyu: ɗaya a wurin Shugaba, ɗaya a wurin mai juya layi. Mai juya layin nan kuwa mijin 'yata ne, wanda 'yan tasha ke kira Shiru-Shiru.

'Yar tawa Auta ce ta shigo mini tsakar gida, mayafi a hannu, takalmi wari ɗaya.

"Baba, sun kama shi. Wai shi ya sace sandar."

"Shi? Mutumin da ko naman da ke gabansa sai an ce masa ɗauka?"

"Baba, ba lokacin wasa ba ne. Sun zaunar da shi a ƙasa kamar ɓarawon akuya. In suka kore shi, gidan nan ma na kamfani ne. Ina za mu kai yara? Ina za mu kai ka?"

Na ce ta miƙo mini sandata da hulata. Ni ban taɓa zama a aji ba, baƙi ɗaya ban sani ba, amma shekara talatin da huɗu na yi ina duba layi da ƙafa, kuma duk abin da ya ɓace wa kamfani a tsawon shekarun nan, ƙarfe ne, waya ce, buhu ne, ni ake aika wa. Ƙasa ita ce takardata. Shi ya sa har yau Baba Mai Sawu ake ce da ni, har waɗanda suka girme ni, in akwai saura.

* * *

Na tarar da tasha ta cika maƙil. Fasinja sun sauko, kowa na kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido, mata sun rungume jakunkunansu. Wani na cewa aikin direbobin bas ne. Wata na cewa ai ɗan gida ne, ɓera ba ya shiga rumbu sai da ƙofa. Da na zo wucewa sai aka sauya magana, don an san surukina ne aka kama.

A ofis, Sufeton kamfani ya riga ya iso a ƙaramar motarsa mai bin dogo. Matashi ne mai tabarau, da littafi a hannu. Shiru-Shiru na zaune a ƙasa, hannunsa duk giris, da ya gan ni ya sunkuyar da kai. Shugaban Tasha na tsaye, takalminsa mai tsinin baki sai ƙyalli yake yi.

"Wane ne wannan kuma?" in ji Sufeto.

"Tsohon lebura ne, yallaɓai, uban matar wanda ake tuhuma," in ji Shugaba. "Ya zo roƙo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da jirgin nan yake jan duwatsu da tarago ɗaya na mutane maƙale a wutsiya, ina kan layin. Da aka mai da shi na fasinja zalla, ina nan. Da aka rufe shi shekara goma sha ɗaya har ciyawa ta kai ƙugu, ina nan. Da aka tone tsoffin katakai aka shimfiɗa na kankare aka kawo waɗannan taragai masu shuɗi, ina kallo. Ban taɓa roƙon kowa ba. Na zo in ga akwati."

Sufeto ya ɗan yi murmushi, ya matsa mini. Kwaɗo lafiyarsa lau, ba ƙarzuwa, ba alamar an taɓa shi da ƙarfe.

"Ka gani?" in ji Shugaba. "Da makulli aka buɗe. Nawa bai bar aljihuna ba, ni kuma ban bar kujerar nan ba tun safe, sai zagayawa da na yi sau ɗaya."

Na dubi surukina. "Kai fa?"

"Daga tara zuwa goma ina mahaɗar gabas ina sa giris, Baba."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

Sufeto ya dubi agogonsa. "Tsoho, ƙarfe huɗu zan koma. In babu sanda, da shi zan tafi, in miƙa shi ga 'yan sanda. Wannan ba ƙaramin laifi ba ne."

Lokacin ɗaya saura. Na ce masa ya ajiye mini kujera, zan dawo.

* * *

Na fara da wanda kowa ke nunawa da baki. A bakin ƙofar tasha direban bas ɗin nan da ake kira Ba-Birki ya riga ya jera motoci uku, yana ta ihu, "Bakin tafki! Bakin tafki! Wanda ya gaji da jiran gawa ya zo!"

"Kakarka ta yanke saƙa yau," na ce.

"A'a, Baba Mai Sawu! Har yanzu kana numfashi? Na ɗauka ƙasar da kake karantawa ta karanta ka."

"Ni zan binne ka, in sayar da motarka wa masu kiwon kaji. Wa ya gaya maka jirgi ba zai tashi ba, har ka tanadi mota uku?"

Fuskarsa ta canza. "Me kake nufi?"

"Tambaya na yi."

"Wallahi sai da aka yi ihu na aika aka kira ƙannena. Ka tambayi mai faci, tun bakwai ina ƙarƙashin motar nan. Dubi bayana."

Na duba. Rigarsa ta sha baƙin mai da ƙasa daga wuya zuwa ƙugu, man ya riga ya bushe ya yi tauri. A ƙarƙashin motar kuwa ga shatin jikinsa a ƙasa, har da inda ya riƙa dirje dunduniya. Wannan ba kwanciyar minti goma ba ce. Ba-Birki zai so jirgin nan ya mutu gobe, amma so daban, hannu daban.

"Ka leƙa wurin ɗan gwangwan," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Tagulla ce fa. Shi ko ƙofar gidan ubansa ya samu zai ɗora a sikeli."

* * *

Ɗan gwangwan na da fili a bayan katangar tasha, cike da tsoffin tukwane da gadajen ƙarfe. Yana gani na ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba.

"Baba, sannu da zuwa. A kawo ruwa?"

"Yaushe rabonka da cikin tasha?"

"Ni? Ya fi mako. Me zan je yi? Ni ba na taɓa kayan kamfani, kowa ya sani."

"Ban ce ka taɓa ba."

"To ai na ga kana kallon amalanke."

Ina kallonta kuwa. Ƙafarta ta hagu an ɗaure tayar da waya a wuri biyu. Na yi masa sallama, na zaga ta ɓarakar katanga zuwa tsohon sito, inda aka tara ƙarafunan da aka cire lokacin gyaran layi. A ƙofar siton ga sawun amalanke, da tabon waya biyu a duk juyin taya. Shigarta sama-sama, fitarta ta nutse cikin ƙasa kusan yatsa biyu. Sawu uku ta yi. A gefen ƙofa, cikin inuwa, wani ya daɗe a tsaye yana sauya ƙafa, da takalmi mai tsinin baki.

Na ce a raina, to, ga wata ɓarna, amma ba ita aka aiko ni nema ba. Wanda ke kwashe ƙarfe da amalanke ba zai tsai da jirgi ya jawo wa kansa Sufeto ba. Na ajiye wannan a aljihu.

* * *

Dandamalin tasha siminti ne, amma daga ƙofar ofis ta baya zuwa ƙarshensa na yamma akwai wata 'yar hanya ta ƙasa. Na tarar an share ta tas. Tashar da ba a share ta sai ranar da manya za su zo, yau an share bayan ofis kaɗai, an bar ɓawon ayaba a gaba. Sharar kuma ta gaggawa ce, tsintsiya ta tafi a miƙe kamar tana bin wani abu.

Mutum ɗaya ke ajiye tsintsiya a tashar nan, matar da ke sayar da dafaffen ƙwai da ruwan sanyi. Na san ta tun tana goye. Ubanta, Guduma, abokin aikina ne a layi, shekara biyu ke nan tana cewa yana kwance ba ya son baƙi. Yau ga kasuwa ta buɗe mata, mutum ɗari uku da yunwa, amma tana miƙa ƙwai tana mantawa da gishiri, idonta na kan hanya.

"'Yata, yau tsabta ta motsa?"

"Kawu, ina wuni. Ƙura ce ta dame ni."

"Ƙurar bayan ofis ce ke zuwa har nan ta dame ki?"

Ta hau goge faranti da ya riga ya bushe.

"Da hantsi kina ina?"

"Gida, ina dafa ƙwai. Goma da rabi na fito."

"Kin ga wani?"

"Ban ga kowa ba, Kawu. Na rantse ban ga kowa ba."

Rantsuwarta gaskiya ce, na ji a muryarta. Ba ta ga mutum ba. Abin da ta gani a ƙasa yake, ta kuma share shi. Sai dai mai sharar sawu kullum yana kai ka inda sawun ya nufa. Na bi bakin tsintsiya har ƙarshen dandamali, na sauka gangaren. A nan ta gaji ko tsoro ya kama ta ta koma. Ƙasan gangaren yashi ne mai laushi, ga sawu nan kwance ya miƙe yamma, yana bin gefen layi.

Takalmin taya ne, irin wanda rabin garin ke sawa, har da ni. Wannan bai gaya mini komai ba. Takun ne ya tsai da ni. Gajere ne, kamar na mace mai ɗauke da tulu. Na kwantar da sandata na auna: kamu ɗaya da tafin hannu. Na auna na gaba, haka. Na yi gaba na auna na ashirin, na hamsin, a kan tudu, a cikin kwari, ko yatsa ɗaya bai ƙaru ba bai ragu ba. Ɗan Adam ba ya tafiya haka. Yana faɗaɗa taku a gangare, ya rage a hawa. Sai wanda wani abu ya horar da ƙafarsa.

Na juya na dubi sawuna da na bari a baya. Tazarar ɗaya ce sak.

Kamu ɗaya da tafi, ita ce tazarar tsoffin katakan layi. Wanda ya yi shekara talatin yana taka su ɗaya bayan ɗaya, safe da yamma, ƙafarsa ba ta sake koyon wata tafiya, ko a kasuwa, ko a ɗakinsa. Na kankaren nan na yanzu sun fi tazara, ba sa karɓar ƙafarmu, shi ya sa mai sawun ya bar kan layi ya bi yashi. A duk faɗin garin nan, masu wannan taku da suka rage da rai mu biyu ne.

* * *

Na bi ta kan ciyawa don kada in ɓata sawun. Tafiyar kusan awa ce zuwa gada, da rana a tsakar ka, ina da shekara tamanin ba biyu. A kawo mini saurayin da zai yi ta bai zauna ba.

Tun daga nesa na ji ƙarar: ƙwal, shiru, ƙwal. Guduma na durƙushe a tsakiyar gada, ya rame kamar kara, yana bugun ƙusoshi da dutse yana kasa kunne. Sandar hanya na soke a ɗamararsa.

Ya ɗago ya harare ni. "Sai yanzu? Rana ta yi tsaka kake zuwa aiki? Ina sauran?"

Sauran da yake tambaya mutum shida ne, kuma shekara arba'in da ɗaya ke nan da muka binne su. Muna aiki a kan wannan gadar jirgin duwatsu ya fito mana daga kwana, ba wanda ya gaya wa direba muna nan. Mu biyu muka faɗa kogi. Na sha gaya wa mutane da ƙarfin damtsena na fito, kuma gaskiya na yi iyo, amma wanda ya riƙo wuyan rigata har gaci shi ne wannan da ke durƙushe. Bayan wannan rana kamfani ya kafa doka: duk wanda zai hau gada aiki, ya ɗauki sandar hanya ya tafi da ita a jikinsa, don kada jirgi ya biyo shi. Mu muka saye wannan doka da gawa shida. Yaran yanzu ko labarinta ba su ji ba.

"Suna tafe," na ce masa. "Yaya gadar?"

"Lafiya lau. Ƙusa ɗari biyu da goma sha shida, duk na buga, ba wanda ya amsa da ƙarya." Ya matso, ya rage murya. "Amma sai na kai ƙarar wannan sabon Shugaban. Ofis a buɗe, ba kowa, makulli a jikin kwaɗo yana lilo. Na yi sallama sau uku. Haka ake riƙe tasha?"

"Ba haka ake yi ba."

"Ka ga dai na bi doka."

"Ka bi doka. Kawo sandar in mayar, tun da ka gama."

Ya ba ni da hannu biyu, yadda ake miƙa wa direba. Na kama hannunsa muka biyo ta bayan gonaki, inda ba mai ganinmu. A hanya ya tambaye ni sau huɗu ko an biya albashi. A bayan ƙofarsa na ga igiya da ƙaramin kwaɗo, na gane irin kwanciyar da ya yi ta shekara biyu. Na zaunar da shi, maƙwabciya ta kawo masa ruwa.

Daga can zuwa tasha na yi ta juya abin. In na faɗi sunansa, surukina ya kuɓuta, amma za su ɗauki Guduma a motar dogo, ko wurin 'yan sanda ko inda ake kulle masu taɓin hankali, 'yarsa kuma ta rasa wurin sana'arta saboda shara. In na yi shiru, Auta ta kwana a titi. In na jefar da sandar a ce an tsinta, zargi na nan kan mai makulli har ya mutu. Na soke sandar a cikin riga, na ƙara sauri.

* * *

Huɗu saura kwata na iso. An riga an tayar da motar Sufeto, Shiru-Shiru na tsaye kusa da ita, Auta na riƙe da ƙarfen katanga.

"Ranka ya daɗe," na ce, "a tara mini mutum biyar a ƙarshen dandamali. Minti goma."

Aka kira Ba-Birki, da ɗan gwangwan, da mai ƙwai, ga Shugaba, ga surukina. Fasinja suka biyo mu suka yi da'ira. Na nuna musu sawun a yashi.

"Ga wanda ya fita da sanda ta ƙofar baya."

Shugaba ya leƙa, ya taɓe baki. "Wannan ai takun mace ne. Wa ke da tsintsiya a tashar nan? Haɗa baki suka yi da mai juya layi, ya ba ta makulli."

Duk ido ya koma kan mai ƙwai.

"Sannu da bincike," na ce masa. "Kowa zai taka. A fara da kai."

Ya ƙi, sai da Sufeto ya ɗaga masa gira. Ya taka yashi kusa da sawun, na auna, ya zarce da tafi biyu. Surukina ya taka, ya fi haka. Ba-Birki ya yi tafiyarsa ta agwagwa, mutane suka yi dariya. Mai ƙwai ta taka, nata gajere ne, amma na farko bai yi daidai da na uku ba, na nuna wa Sufeto a jikin sanda. Saura ɗan gwangwan. Kafin ya ɗaga ƙafa na ce, "Kai kam ko ba ka taka ba, tagulla ce, kuma ka ce mini mako guda ba ka shigo ba, alhali amalankenka ta yi sawu uku a tashar nan yau."

"A'a! Wallahi ba ni ba ne!" Ya juya yana neman mai ceto, idonsa ya sauka kan Shugaba. "Daga tara har goma ta wuce ina tsohon sito ina lodi! Yallaɓai, gaya musu mana, ai kana tsaye a wurin, kai ka buɗe mini!"

Sufeto ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Lodin me?" ya ce.

Ya juya ga Shugaba. "Ka ce ba ka bar kujera ba."

"Yallaɓai, wannan mutumin maƙaryaci ne, kowa ya..."

"Sawun takalminka na can a inuwar ƙofa," na ce. "Ƙasa ba ta karɓar cin hanci."

Sufeto ya rubuta wani abu mai tsawo. Sannan ya ce, "Wannan na ji. Amma har yanzu ba ni da sanda, tsoho, kuma duk waɗanda ka tara ba mai wannan taku."

"Saura mutum ɗaya."

Na miƙa masa sandar tafiyata, na sauka yashi, na yi taku goma a gefen sawun. Ban yi wata dabara ba, tafiyata na yi. Shi da kansa ya durƙusa ya auna, na farko, na biyar, na goma. Ya ɗago yana kallona. Na sa hannu a riga na zaro sandar hanya, rana ta haska ta.

Wuri ya kaure. Wata tsohuwa a cikin fasinja ta ce, "La ila! Ashe mai neman ɓarawon shi ne ɓarawon!" Ba-Birki ya riƙe ciki yana dariya. Mai ƙwai ta buɗe baki za ta yi magana, na watsa mata wani kallo, ta rufe.

"Na zo da hantsi," na ce, "na tarar da ofis a buɗe, makulli a jikin kwaɗo, ba kowa. Na yi sallama sau uku. Na ɗauki sanda na tafi duba gada, yadda dokar kamfani ta ce. Ƙusa ɗari biyu da goma sha shida, duk lafiya. Buɗe littafinka, ranka ya daɗe, in an soke dokar a gaya mini ranar."

"To me ya sa ba ka faɗa ba tun ɗazu? Ka bar surukinka a ƙasa awa uku?"

"Da na faɗa tun ɗazu, da wa zai nuna maka sito?"

Ya daɗe yana kallona. Yaron ba wawa ba ne, ina jin ya ji ƙamshin wani abu. Amma ga sanda a hannunsa, ga taku ya yi daidai, ga babban kifi a komarsa, ga mutum ɗari uku na jiran tafiya.

"Kai ba ma'aikaci ba ne yanzu," ya ce. "Don tsufanka ba zan tafi da kai ba. Amma daga yau ƙafarka ba ta sake taka harabar tashar nan. Ko rakiya."

Shekara sittin ina shiga tashar nan ba wanda ya taɓa tambayata tikiti. Na ce, "Na ji."

Ya miƙa wa surukina sandar. "Kai wa direba, ka je ka juya layinka." Shugaban Tasha ne ya hau motar dogo a wurin da aka tanadar wa wani, ɗan gwangwan a gefensa.

* * *

Na fita ta ƙofar da fasinja ke fita, mutane na matsawa kamar mai cuta ya zo wucewa. Wani ya ce, "Tsufa bai hana hali ba." Ban waiwaya ba. Ina tsakar gida na ji jirgi ya yi kuka, ya ja, ƙarar ta yi yamma.

Da magariba ta kusa Shiru-Shiru ya dawo. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni kamar kullum, amma bai tashi ba. Auta ta ajiye mini ruwa, ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Baba."

"Na'am."

"Daga tara har aka yi ihu kana ƙarƙashin bishiyar nan kana minshari. Ni na kore maka ƙuda."

"Mafarki kika yi."

"Garin nan gaba ɗaya yanzu ɓarawo suke ce maka. Yara sun dawo daga makaranta suna kuka. Wa kake rufa wa asiri?"

"Mijinki na da aikinsa?"

"Yana da shi."

"Kwanan gidan nan za ki yi, ko na titi?"

Surukina ya ɗago kai, karo na farko tun da ya auri 'yata ya dube ni ido cikin ido.

"Baba," ya ce, "in ana bukatar a riƙa leƙa wani gida da safe, kafin a fito da ƙwai, hanyata ce ta zuwa aiki."

Na kurɓi ruwana. Ashe shirun nasa ba na wauta ba ne.

"Ka riƙa ce wa tsohon an duba gada," na ce. "In ya tambayi sauran, ka ce suna tafe."